Gadon da Ya Yi wa Shugaban Ƙasa Kaɗan

Jidda, ranar Litinin

Ƙarfe uku da rabi na asuba Habibu ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, alhali tun ƙarfe uku ina zaune a bakin gado da hula a kaina. Habibu ɗana ne. A gidansa nake zaune a unguwar Safa tun da aka rushe unguwarmu ta Karantina, bene na uku, ɗakin da ke manne da injin wanki. Na faɗi wannan ne saboda waɗanda ba su san ni ba, don an ce mini abin da nake turo wa majalisarmu ta cikin waya har Maraɗi yake kaiwa. Sunana Alhaji Mato Kafinta, mutumin Damagaram, shekara hamsin da ɗaya a Jidda, aji uku a lakwal, wato makarantar boko. Wanda ya ga kuskure a rubutuna ya kai ƙara aji huɗu.

Alhaji Sabo Bakano ne ya matsa sai na rubuta tafiyar nan daki-daki. Shi tun da jirgi ya sauke shi a Jidda bai taɓa wuce Ɗa'if ba, nan ma amai ya yi ta yi a kan dutse. To, Alhaji Sabo, gyara zama.

A aljihun gaba na sa fasfo da iƙama, wato takardar zama, da takardar fita da dawowa, wadda Larabawa ke ce wa khuruj wa auda. Kwana sittin aka ba ni. Kafilina, wato Balaraben da iƙamata ke hannunsa, ɗan tsohon kafilina ne, ya gaje ni tare da injin yanka katako. Ranar da na je sallama ya ce, "Ya Ammi Mato, sittin, ba sittin da ɗaya ba. In ka wuce, ni halas. Ba zan buɗe sabon fayil a kan mai shekara saba'in ba." Ma'ana in na makara iƙamata ta mutu, kuma Jidda ta rufe mini ƙofa. Ku riƙe wannan, don duk labarin a kansa yake tafiya.

Daga Safa zuwa filin jirgi kilomita goma sha biyar ne, minti ashirin muka yi. A hanya Habibu ya yi ta gyaran murya kamar mai shirin kiran salla.

"Abuya, in Uwani ta ce maka wani abu, ka saurare ta."

"Wane abu?"

"Wani abu dai."

Uwani 'yata ce, sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake kiranta haka. Ma'aikaciyar jinya ce a can Amurka, wurinta za ni. Da na ji yaya da ƙanwa sun fara magana da baki ɗaya, na san an ƙulla wani abu, don tun suna yara ko a kan cokali ba su taɓa shiryawa ba.

Mun yi sallar asuba a masallacin filin jirgi. Ƙarfe bakwai da minti goma jirgi ya tashi.

A sama

Awa goma sha uku da rabi babu sauka. Kujerar an yi ta ne don mutanen Kano, gwiwata a bayan kujerar gaba take har muka isa. An ba mu shinkafa da kaza sau biyu, da wani burodi mai sanyi kamar an ciro shi daga rijiya.

Abin da ya dame ni rana ce. Muna gudu tana bin mu, agogona ya ce magariba, taga ta ce hantsi ya ɗan wuce. Na tambayi wani Basudane da ke gefena hukuncin salla. Ya ce a bi taga. Na bi taga, laifin yana wuyansa.

Washington

Ƙarfe biyu saura minti ashirin na ranarsu muka sauka. Layin duba fasfo awa ɗaya da kwata. Jami'in ya kira wata mai jin Larabci ta tsaya tsakaninmu.

"Kwana nawa za ka yi?"

"Hamsin da biyar."

"Me ka kawo?"

"Dabino, yaji, da ciwon gwiwa."

Ta fassara biyu ta bar ɗaya. Wani kare ya shinshina jakata, ya yi atishawa uku a kan yajin, aka ce in wuce.

Uwani da mijinta Bashir, mutumin Chadi, suna jira a waje. Ta rungume ni tana ta zuba Larabci, "Hamdillah ala s-salama ya Abuya, wallahi ka rame marra." Hausarta tana nan, sai dai in ranta ya motsa Larabci ke rigan ta fitowa. Daga filin jirgi zuwa gidansu kilomita hamsin, awa ɗaya cif saboda cunkoso. Itatuwa ko'ina, ba mai su, ba mai sara. Na yi ta kallon katako yana wucewa a tsaye.

Gidan Uwani

Ɗaki guda aka ware mini, da taga mai kallon gabas, da darduma an riga an shimfiɗa ta daidai alƙibla. Akwai sabon gado fari, Bashir ya haɗa shi da kansa da wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da ke zuwa cikin kwali. Uwani ta ce sati biyu ta yi tana zaɓe.

Yanzu sai in yi muku bayanin sana'a. Ni shekara arba'in da wani abu ina buga gadaje a Karantina, kuma ban taɓa saran katako ba sai na auna wanda zai kwanta. Ba da mita ba, da hannu. Kamu, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, sannan taƙi. Ango ya zo, in tsai da shi jikin bango in auna, in ƙara taƙi ɗaya saboda matashin kai da miƙa. Ni kaina kamu huɗu ne da yatsa biyu. Gadon Uwani kuwa kallo ɗaya na yi masa na san bai cika kamu huɗu ba, ga kuma allo a wajen ƙafa.

Ban ce komai ba. 'Yarka ta yi sati biyu tana zaɓar maka abu, ka buɗe baki ka ce ya yi kaɗan? Sai na riƙa kwanciya a karkace, kai a wannan kusurwa, ƙafa a waccan. Da safe in gyara zanen gado in mai da matashi tsakiya kafin ta shigo da shayi.

Ban da wannan, zama ya yi daɗi, ba zan ɓoye muku ba. An kai ni wurin likitan gwiwa, ya yi mini allura, na hau bene ba tare da na ambaci sunan kowa ba. Ana yi mini tuwo ran Juma'a. Masallaci minti goma a mota, limamin ɗan Senegal ne, karatunsa ba laifi.

A kwana na arba'in abin da Habibu yake wa gyaran murya ya fito. Bayan la'asar Uwani ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata.

"Abuya, na yi magana da lauya. Zan iya nema maka takardar zama. Tikitin komawa a bar shi kawai."

"Iƙamata fa?"

"Iƙamar me? Shagon babu, gidan babu, unguwar ma babu. Kana kwana kusa da injin wanki. Nan ga likita, ga ni. Ran Litinin ta sama za mu je ka sa hannu."

Na ce zan yi tunani. Gaskiyar magana, jama'a, na kusa yarda. Duk abin da ta lissafa haka yake. Na yi kwana takwas ina neman amsar da zan ba ta ban samu ba.

Asabar, kwana na arba'in da takwas: gidan wasan

Ran Asabar ta ce za ta kai ni in ga tarihi. Ina jin so take in ga ƙasar tana da tsofaffin abubuwa, in ji ba ni kaɗai ba ne.

Mun fita ƙarfe tara da kwata, mu biyu. Jirgin ƙasa muka shiga, rabin hanya a sama, rabi a cikin rami, minti talatin da biyar. Daga tasha zuwa wurin tafiyar minti biyar ce a ƙafa. Wani gini ne na jan bulo, bene uku, an matse shi tsakanin dogayen gine-ginen gilashi kamar tsoho a cikin samari. Gidan wasan kwaikwayo ne. A nan aka harbe shugaban ƙasarsu, dogon nan mai gemu ba gashin baki, wanda ya sa hannu aka 'yanta bayi. Sunansa ba ya zama a bakina, amma duk wanda ya taɓa riƙe dala biyar ya ga fuskarsa.

Shiga kusan kyauta ne, sai ɗan kuɗin kama wuri. Lokacinmu goma da rabi, kuma goma da rabi aka buɗe. An leƙa jakar Uwani, ni aka leƙa ƙarƙashin babbar rigata da ido kawai.

Da farko aka saukar da mu ɗakin ƙasa inda aka jera kayan tarihi. Ga bindigar a cikin gilashi. Na zaci zan ga wata babbar aba, ashe tafin hannuna zai rufe ta. Harsashi ɗaya take ci. Na daɗe a tsaye a wurin.

Daga nan muka hau cikin zauren. Kujeru jajaye, bene mai zagaye, dandamali a gaba. A hannun dama, can sama, wani ɗan ɗaki ne kamar baranda an lulluɓe shi da tutoci. Nan ya zauna da matarsa. Wata baƙar mace mai faffaɗar hula ta hau gaba ta fara bayani, Uwani tana juya mini a kunne. Wanda ya yi harbin ɗan wasa ne, ya san gidan ciki da waje, ya san wasan da ake yi. Ya jira daidai inda jama'a ke fashewa da dariya, sannan ya shiga ta baya ya harba. Ya diro kan dandamali, ya fita ta ƙofar baya, ya hau doki. Mai gadin da aka sa a ƙofa kuwa ba ya wurin.

"Mai gadin Bakano ne?" na tambaya.

"Abuya, don Allah."

Da Hajiyar hula ta ce ko akwai mai tambaya, na ɗaga hannu. Na ce Uwani ta tambaye ta ina 'yan uwan mamacin suke zama, a yi musu gaisuwa.

"Abuya, shekara fiye da ɗari da hamsin fa."

"To ai ba mu ji ba ne. Yau muka ji. Mutum ya shigo gidan da aka yi rashi ya fita bai ce komai ba?"

Ta rufe fuska ta fassara. Wasu suka yi dariya. Hajiyar ba ta yi ba. Ta cire hular ta ce zuriyarsa ta ƙare, ba wanda ya rage, amma ita kakannin kakanninta suna cikin waɗanda aka 'yanta, don haka in ina so ta karɓa. Na miƙe tsaye na ce mata ya haƙuri, Allah ya ba da dangana. Ta ce ta gode. Sai na ji kunyar wasan da na fara da shi.

Muna fita na ƙwanƙwasa katakon matakala da bayan yatsa. Na ce wa Uwani wannan itacen bai kai shekarun da ake faɗa ba, ta tambaya. Hajiyar ta ce gaskiyata. Bayan kisan an kwashe cikin ginin kaf an mai da shi ofis, har benen ya taɓa ruftawa da ma'aikata. Sai bayan kusan shekara ɗari aka dawo aka sake gina cikin, ana duba tsofaffin hotuna. Bango ne kawai na asali.

Na ce a raina, su ko da suka rushe sun ajiye hoto. Mu ranar da muke barin Karantina kowa na fama da firji da katifa, ba wanda ya tuna ya ɗaga waya.

Tsallaken titi

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Mutumin bai cika a gidan wasan ba. Likitoci suka ce in aka sa shi a keken doki zuwa fadarsa ba zai kai ba, ga fadar kuwa ba nisa. Sai aka ɗauko shi a hannu aka fito titi ana neman inda za a shiga. Wani ɗan haya a gidan wani tela da ke tsallake ya ce a kawo shi nan.

Na ƙirga, taku ashirin da shida ne nawa daga ƙofa zuwa ƙofa. Gidan siriri ne, ana shiga kaɗan-kaɗan. Ka bi wani lungu, ka wuce falon da matarsa ta zauna tana kuka, sai ɗan ɗaki a can ƙarshe. Bai kai ɗakina na Safa ba. A ciki ga gado na katako mai ƙafafu masu gaɓa-gaɓa, an kare shi da gilashi.

Hannuna ne ya fara aiki kafin kaina. Na kwantar da kamu a iska ina bin tsawon gadon. Wani dattijo mai tsaron ɗakin ya matso, Uwani ta ce masa kafinta ne, ba zai taɓa ba.

"Tambaye shi tsawon mamacin."

Dattijon ya ɗaga hannu ya nuna daidai saman hulata.

"To wannan gadon bai ɗauke shi ba."

Da ta fassara, dattijon ya washe baki kamar ya tsinci ɗan garinsu. Ya ce wannan ba shi ne ainihin gadon ba, na asalin yana wani gari, amma irinsa ne. Kuma lalle ya yi masa kaɗan. Likita ya ce a cire allon ƙafa, aka yi aka yi ya ƙi fita. Sai suka kwantar da shi a karkace. A haka ya kwana, a haka ya cika da safe, ƙarfe bakwai da minti ashirin da biyu.

Raina ya ɓaci, ɓacin rai na sana'a. Ɗaki cike da likitoci da ministoci da manyan soja, ba kafinta ko ɗaya. Irin wannan allon ba a jan sa da ƙarfi, a cikin rami yake zaune. Ka ɗaga dogon katakon gefe, ka buga daga ciki, ya fita da kansa. Aikin minti uku. Na yi ta bayani da hannu, Uwani tana juyawa, dattijon yana gyaɗa kai. Can bakina ya wuce ni.

"Allah sarki. Ai na san wannan kwanciyar. Wuya ke fara ciwo, sannan ƙugu ya karɓa. Kwana arba'in da takwas ke nan ina yin ta."

Na ji fassara ta tsaya. Dattijon yana jira, ita kuwa ni take kallo.

A bakin titi

Ƙarfe ɗaya saura muka sayi shinkafa da kaza a wurin wani Bamisre mai amalanke, dala goma sha biyu kwano. Na mai da shi riyal a kaina na ji yunwar ta ragu. Muka zauna a wani benci. Ta daɗe tana juya cokali.

"Lesh, don me ba ka faɗa ba?"

"Ke kika saya."

"Gobe in sayo wani. Akwai manya, har wanda mutum uku za su kwanta."

"Na san akwai."

"To shi ke nan, halas, magana ta ƙare."

"Uwata, tun kina rarrafe kike shagona. Kin taɓa ganin na fara da katako?"

Ta ajiye cokalin.

"Kin auna ɗaki, kin auna likita, har lauya kin auna. Duk kin yi daidai. Ni ne ba ki tsayar jikin bango ba."

"To na tsai da kai. Ka koma ina? Karantina fili ne, Abuya, na gani a waya. Ko bishiya babu."

Sai amsar da na yi kwana takwas ina nema ta zo da kanta, ina riƙe da cinyar kaza. Na ce mata mutumin can da fadarsa da komai, a gadon ɗan haya ya cika, kuma ba laifin kowa ba ne, don ba ya cikin hayyacinsa, ba a tambaye shi ba. Ni kuwa ana tambayata, kuma idona biyu. Na ce uwarki a Harami aka yi mata salla, a Makka aka sa ta. Kabarin ba alama, amma na san layin. Daga gadona na Safa zuwa wurinta tafiyar awa ɗaya ce, Habibu ya san hanya. Daga nan kuwa awa goma sha uku da rabi, kuma ba a ba gawa khuruj wa auda.

"Kullum sai ka sa wasa," in ji ta.

"Wannan ba wasa ba ne. Wasan yana tsallaken titi."

Ta cinye shinkafarta, ta jawo tawa ta ci rabi. A gidanmu wannan alamar fushi ce, daga uwarta ta gada. Har muka koma gida a jirgin ƙasa ba ta ce mini uffan ba. Lahadi ma shayi kawai aka ajiye mini aka fita.

Litinin

Ƙarfe tara ta ce, "Yalla, shiga mota." Na sa babbar riga, na shirya abin da zan faɗa wa lauya, har na tanadi kalma biyu ta Faransanci don ya san ba da jahili yake magana ba. Muka yi minti goma sha biyar, sai ta tsaya a gaban wani kanti mai girman filin ƙwallo. Ƙamshi ne ya fara gaya mini. Katako.

Kafin mu shiga ta ce in tsaya jikin bangon kantin. Mutane na wucewa da amalanke suna kallo. Ta naɗe hannun riga ta fara daga ƙafata, kamu bayan kamu, har ta yi ɗage ta kai hula.

"Biyar ba kaɗan."

"Da hannunki. Hannunki na Kanawa ne. Da nawa huɗu da yatsa biyu."

"Sai a ƙara taƙi ɗaya."

"Ashe kina gani."

"Saboda matashi da miƙa," in ji ta, ba ta kalle ni ba.

Na zaɓi dogayen katako biyu masu kyau, na duba su ta tsawo da ido ɗaya, na mayar da huɗu kafin in yarda da su. Muka sayi zarto da kurfi da manne. A wurin biya na ce mata, don kada a yi rashin fahimta, gyaran gadon nan ba ya nufin zan zauna.

"Na sani. Na kira lauya tun jiya. Amma duk shekara kwana hamsin da biyar. Wanda ya buga gado shi ke zuwa duba shi."

Na ce in kafili ya sa hannu, in kuma Mai sama ya sa nasa.

Kwana biyu na yi a garejin Bashir. Katakon gadon nasu garin itace ne aka matse, ko ƙusa ba ya riƙewa da zuciya ɗaya, amma na lallaɓa shi. Na cire allon ƙafa, minti uku, na sa Bashir ya duba agogo. Na canza gefe biyu, Uwani ta samo katifa mai tsawo. Kwana huɗu na ƙarshe a miƙe na yi su.

Dawowa

Ran Litinin ta gaba, kwana na hamsin da bakwai, muka bar gida ƙarfe biyu na rana, jirgi ya tashi ƙarfe shida na yamma. Kwana biyun da suka hau kan hamsin da biyar Uwani ce ta ci tarata da su, ta matsar da tikiti. A filin jirgi ba ta yi kuka ba sai da ta ga na juya, ni kuma ban juyo ba sai da na tabbata ta gama.

Awa goma sha biyu muka yi, wannan karon rana gudu take ta bar mu. Mun sauka Jidda ran Talata ƙarfe ɗaya na rana. Zafi ya tare ni a bakin ƙofa kamar ɗan uwa. Jami'in fasfo ya duba na'ura ya dube ni.

"Saura kwana biyu, ya Hajj. Ka yi wasa da wuta."

"Na yi aikin katako ne, ya waladi."

Ya buga hatimi.

Habibu ya zo ɗaukata yana ta kallon gefe kamar wanda ya ci bashin kunya. Na ce ya bi da ni ta kudu. Muka tsaya a inda Karantina take. Fili ne fetal, Uwani ba ta yi ƙarya ba. Na fito na daidaita da hanya da inda rana take, na taka zuwa inda nake jin ƙofar shagona ce, na sa Habibu ya ɗauke ni hoto. In na kuskure ma bai fi da kamu biyu ba. Daga nan muka sayi ful da tamis, wato wake da burodi, muka wuce Safa. Ƙarfe huɗu saura kwata na shiga ɗakina. Gadona yana nan, wanda na buga shekarar da na auri uwarsu, shi kaɗai na hana a bari ranar tashi. Injin wanki yana ta kaɗawa a bayan bango. Na kwanta na miƙe har yatsun ƙafata suka yi ƙara.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni da sauran kwana biyu a takarda. Na gode wa Uwani da Bashir, da Habibu duk da gyaran muryarsa, da Hajiyar hula da ta karɓi gaisuwa a madadin mutanenta, da Basudanen da ke ɗauke da sallolina. Wanda ya yi mini addu'a Allah ya ba shi ninkinta.

Jiya Alhaji Sabo ya zo yi mini barka da sauka, ya ci dabinon da na je da shi na dawo da shi. Ya ce shi fa bai gane ba, a ce mutum ya bar Amurka da likita da tuwon Juma'a saboda gado. Na dube shi daga sama har ƙasa, abin bai ɗauke ni lokaci ba. Mutumin da ko a kujerar bayan tasi yake miƙe ƙafa ya yi barci, ina zai gane?